Jan Farce a Kan Noti

Tela ya durƙusa a bayan talabijin, wayar lasifika a baki, littafin awonsa buɗe a kan kafet. Shafukan da ya saba cikawa da ƙugu da kafaɗa yanzu sun cika da awon lantarki, su wat da om, da zanen akwatunan lasifika shida. Sati uku ya yi yana ɗaukar darasi a shagon Mai Gyara, amininsa na shekara ashirin, kafin ya yarda ya sayi risiba, wato na'urar da ke rarraba sauti ga lasifikoki.

Shi fa ba don gayu yake yi ba. Inna ce kunnenta ya yi nauyi. In an kunna fim sai ta ji kiɗa da ƙarar mota, maganar mutane kuwa ta ɓace mata, ta bi ta ishi kowa da "Me ya ce?" har jikoki suka fara sulalewa daga falo. Kwanan nan ma ta daina tambaya, sai dai ta zauna tana kallon bakuna suna motsi. Wannan shirun ne ya hana Tela sukuni.

"Layin tsakiya shi ne maganinka," Mai Gyara ya faɗa masa a shago. "Ta nan muryar mutum take fita. Ka ƙara shi shi kaɗai, Inna za ta ji har numfashi. Kada ka je kasuwa su yanke ka, ni zan samo maka mai sauƙi, sabuwa dal a kwali."

Ya kuwa kawo, har da ledarta.

Tela ya haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, ya danna gwaji. Lasifikar hagu ta amsa, dama ta amsa, na baya ma haka, babban akwatin ya girgiza kofin shayi. Ta tsakiya ko tari ba ta yi ba. Ya musanya ta da ta hagu kamar yadda aka koya masa, ta yi magana raɗau. Ashe ba laifin lasifika ba ne.

Ya juya risibar, sai ga ɗigon jan farce a kan notin kusurwa. Duk na'urar da Mai Gyara ya buɗe sai ya ɗiga mata wannan jan, don in ta dawo ya gane ko wani hannu ya taɓa. Sau nawa Tela yana tsokanarsa, wai ya koma yi wa rediyo kwalliya?

Kai, ya ma san ta! Ita ce ta kan kanta mai ƙura, wadda aka sauko da ita ranar darasin farko ana nuna masa ramukan baya. "Wannan layin tsakiyarta ya ƙone, mai ita ya haƙura ya bar ta." Mai Gyara da bakinsa ya faɗa. Wato goge ta kawai ya yi, ya ɗauka tela ba zai riƙe karatu ba. Abin ya ci Tela har idonsa ya kawo ruwa.

"An gama?" Inna ta tambaya daga kujera, ta riga ta gyara zama. "Kira min yaron kirkin nan in sa masa albarka."

Ya kira Mai Gyara ya miƙa mata wayar. Ta ɗaga murya ta yi ta zubawa: Allah ya raya zuriya, Allah ya saka da irin abin da ya yi mata. Ta kasa kunne, ta yamutsa fuska, ta miƙo wayar.

"Me ya ce?"

Tela ya kara a kunne. Ba abin da ke fita sai numfashi.

"Ya ce amin, Inna."