Ƙashi Biyu, Ɗori Ɗaya

"Yaya, ka ɗora ni, ni kuma in tayar maka da babur ɗinka. Ba ruwanmu da asibiti," in ji makaniki, yana tallafe da hannunsa na dama da mota ta danne a gareji.

Maɗori ya dubi mijin ƙanwarsa. Hannun nan ne ya sharara mata marin da ya kashe mata kunnen hagu, har yau sai an zagayo ta dama take jin magana. Ya lalubi hannun daga gwiwa zuwa tsintsiya, ya ji karaya biyu.

"Zai haɗe dai ko, Yaya?"

"Zai haɗe, har ya fi yadda kake so. Alkawari ne."

To, sangalin hannu ba ƙashi ɗaya ba ne. Biyu ne a jere, da 'yar rata tsakaninsu. Na wajen babban yatsa shi ke mirginawa kan ɗan'uwansa in za ka juya tafi sama ko ƙasa, don haka mai ɗorin kirki ratar nan yake tsarewa. Shi kuwa gogan naka ya matse su wuri guda, ya jera karare, ya naɗe tamau.

"Daure mana, namiji. Ai kai ba ka san zafi ba."

Ranar kwancewa hannu ya fito sambal, makaniki har da durƙusawa. Sai da ya koma gareji ya ɗauki sukudireba ya gane. Yatsu na kamawa, tsintsiya na lanƙwasa, amma tafin ya kafe yana kallon ƙasa. Ko makullin ƙofa zai murɗa sai ya karkace har kafaɗa.

Ya dawo a fusace. "Yaya, hannun nan ba ya juyawa!"

"Juyawa muka yi da kai ko haɗewa? Ga shi nan sun haɗe, ko gatari ba ya raba su. Ina babur ɗina?"

Maɗori dai ya huce, ko da yake babur na nan jingine yana tsatsa. Makaniki ya rasa sana'a, ya rasa mari. Ƙanwar kuwa, da ba wanda ya tambaye ta, kuncinta ya huta, amma hannun da ke marinta shi ne ke kawo cefane. Yanzu ita ke wanki a gidajen mutane tana ciyar da shi, kuma kunnen bai dawo ba.