Tsagar Gwaggo Iri

…uku? A'a, Kaka, ba uku ba ne, uku sun yi kaɗan. Muntaka ya ce sun isa, wai idan hoto ya ƙanƙance a fuskar waya, tsagar da ta wuce uku sai ta cakuɗe ta koma kamar datti. Datti… Bai san fuskarki yake magana a kai ba. Ban gaya masa ba. Ban gaya wa kowa ba.

To nawa ne? Ni da nake kwanciya a cinyarki ina bin su da yatsa, daga gefen ido har haɓa, kina ture min hannu, Ilham ƙyale min fuskata, da Hausar nan taki ta Barebari wadda shekara hamsin a ƙauyen Zakirai ba ta miƙar da ita ba — nawa ne? Shida? Bakwai? Shekara huɗu kacal da rasuwarki, har ƙirgen ya kuɓuce min?

Akuyar gidan Malam Sama'ilu kuma. Ta san ni kaɗai ce a bakin shanyar gyaɗa, ta kuma san idona na kan waya. Bari in jefa mata hoge… ta tafi, za ta dawo. Inna ta ce in zauna gadin gyaɗa, ba ta san daɗin da na ji ba, don nan bayan rumbu ne kawai sabis yake tsayawa. Sanda biyu. Wani lokaci uku, idan na ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa.

Huɗu da kwata. Ƙarfe biyar za a rufe karɓar aikin gasar.

Mu uku ne, Kaka, kuma ba mu taɓa ganin juna ido da ido ba. Da kina nan sai ki ce wace irin abota ce wannan. A guruf ɗin masu zane muka haɗu. Muntaka yana gyaran waya a kasuwar Ɗambatta, Asama'u ɗaliba ce a Kano, ni kuma ga ni a gindin rumbu ina jiran sakamakon jarrabawa. Wasan yara na waya za a yi, aka ce kowane rukuni ya zana mutum guda da za a sa a cikin wasan. Muka ce tsohuwa za mu yi, mai ajiyar iri a cikin goruna, ta zazzago a tafin hannu ta tambayi yaro: wannan gero ne ko maiwa? Wake ne ko gurjiya? Gwaggo Iri. Asama'u ce ta raɗa mata sunan. Ni ke fara zane da yatsa, Muntaka ya bi layukan ya tsaftace su, Asama'u ta sa launi. Fayil ɗin zanen ya je, ya dawo. Sau goma sha ɗaya ke nan.

Kuma duk dawowar da za ta yi, sai ta zo da abin da ban aike ta da shi ba. Abin da yake ɗaure min kai ke nan. Na tura ta a tsaye cak, ta dawo daga Ɗambatta da ɗan ranƙwafawa, kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka. Muntaka ya ce wata mai ƙuli-ƙuli ce a bakin tasha, kullum yana kallonta daga shagonsa. To ta yaya mai ƙuli-ƙulin Ɗambatta ta san yadda kike tsayawa a ƙofar ɗaki idan kina jiran a kawo miki buta? Na tura ta bakinta a rufe, ta dawo daga Kano tana murmushi, haƙoranta ja-ja-ja da goro. Wa ya gaya wa Asama'u? Ko dai tsofaffi duka kamarsu ɗaya, mu ne muke zaton tamu daban take?

Ba da gangan na yi ba, wallahi. Tsohuwa kawai na zauna zanawa. Da'ira, layin hanci, laffaya ta zagayo kai… sai yatsana ya fara jan tsaga da kansa, sai na ji kamar ƙamshin turaren wutarki, na ɗaga kai, ba kowa sai kaji.

Ke da kika ƙi hoto. Ranar sunan ƙanena Ziyad, mai hoto ya zo daga gari da babur, kowa ya jeru a tsakar gida, ke kika ja mayafi kika rufe fuska kika juya wa mutumin baya, ana dariya, Baba yana lallashi, Iya ɗaya tak, don jikoki — kika ce wanda yake son ganinki ya zo ya gan ki tun kina nan. Ko katin zaɓe ba ki yi ba saboda hoton. Babu ke a bango, babu ke a wayar kowa. To wannan fa? Ba hoto ba ne, zane ne. Akwai bambanci? Malamin Islamiyya ya ce… me ma ya ce? Hoto mai inuwa daban, marar inuwa daban, ya ambaci abin koyar da yara, ya kawo saɓanin malamai, aka kaɗa ƙararrawa. Amma ba fatawarsa ce take damuna ba. Ke kika ce a'a. Ke.

Saƙo. Muntaka: uku ko a mayar yadda kika yi? Yadda na yi ɗin ma ai kame-kame ne, biyar a dama, shida a hagu. Caji saura goma sha huɗu.

Leya muke ce wa shafukan zanen. Kamar ledoji ne farare shara-shara, kowa ya yi zanensa a kan tasa, a ɗora su kan juna su zama hoto guda. Kowace da ɗan ido a gefenta, in ka taɓa shi sai ta ɓace, in ka sake taɓawa ta dawo. Ina son wasan nan fiye da zanen kansa. Taɓa — launi ya tafi, ta koma baƙi da fari. Taɓa — gorunan sun tafi, tana miƙo hannu babu komai. Ina abin yake zuwa idan an rufe idon? Yana nan, ba a dai ganinsa. Haka kike yanzu? Astagfirullah, me ya kai ni…

Ƙarar amalanke. Baba ne, ya ɗoro harawa har ta fi shi tsawo, shanun suna tafe suna kaɗa kai. In kife wayar? In sa ta ƙarƙashin hijabi? Ya riga ya gani. Ya tsayar da shanu, ya sauko yana kakkaɓe riga. Kullum sai ya ce me kike dangwala a abin nan, ban taɓa nuna masa ba, yau kuma hannu ya miƙo. Hannunsa duk ƙasa. Ya riƙe ta nesa da ido kamar yadda yake riƙe takardar asibiti, babban yatsansa ya sauka daidai kan jerin idanun nan — na Asama'u ya rufe, na Muntaka ya rufe, leyar tamoji da tsaga ma ta tafi. Saura zanena na farko tsirara, fuska ba tsufa.

"Ai ke ce nan," in ji shi.

Ni? Ni kuma? Bari in ga… hancin. Tsinin haɓar. Girar da take ɗagawa gefe guda. Eh mana — kyamarar gaba. Ba daren jiya ba, ba makon jiya ba, tun ranar farko, da na kasa gane yadda kunci yake tashi idan mutum zai yi magana, sai na kunna kyamara na kalli nawa, na zana, na manta. Ashe a kan fuskata na gina taki? Ko taki ce dama a kan tawa, ban taɓa lura ba don ba a tsaga ni ba?

Na karɓa, ina buɗe idanun ɗaya bayan ɗaya a gabansa. Tamoji. Ranƙwafawa. Goro. Laffaya ruwan ƙasa. Ina tsufa a hannuna, shekara sittin cikin taɓawa huɗu. Baba ya ƙura wa wayar ido. Shanu suna cin harawar da ta zubo, bai kora su ba. Zai ce in goge? Idan ya ce in goge zan goge, ko da su Muntaka za su yi fushi, ko da wata guda na aiki zai…

"Takwas ne kowane ɓari. Ta ƙarshe a hagu gajera ce, wanzamin ya ji tausayinta." Ya ƙara matso da fuska. "Amma hannun ba nata ba ne."

Ya hau amalanke. Ya tafi. Bai ce goge ba, bai ce bari ba.

Hannun ba naki ba ne. Wato sauran… sauran naki ne? Ya gane ki, Kaka. Ɗanki ya gane ki a jikin mai ƙuli-ƙulin Ɗambatta, da haƙoran da wata yarinya a Kano ta ƙirƙiro, a kan haɓata.

Takwas. Gajera a hagu. Na ja su, sirara, don kada su cakuɗe. Muntaka zai yi ƙorafi, ya yi. Biyar saura kwata. Hannun fa? Ban taɓa duba su da kyau ba. Yatsu gajeru masu kauri, ɗan ƙaramin ya lanƙwashe, lalle ya kusa gogewa a farce. Ba ni na zana su haka ba, nawa sanduna biyar ne kawai, ban iya hannu ba. Na rubuta a guruf: wa ya yi hannun, ana iya canzawa?

Asama'u tana rubutu… ta daina… tana rubutu… murya ta turo. Na kara a kunne. Hayaniyar motoci a bayanta, muryar a ƙasa-ƙasa: hannun na kakarta ne, ta garin Kunci, ta rasu bara da azumi, ita ma ba ta bar hoto ba, kwana uku ta yi tana zana su. Don Allah a bar mata su.

Ita ma ba ta gaya wa kowa ba.

Caji shida. Biyar saura minti tara. To ko da ta yarda a canza, me zan zana? Hannunki, Kaka… hannun da ya yi min kitso, ya ba ni fura, ya ture nawa daga fuskarki. Dogaye ne yatsun? Akwai zobe? Ina jin ɗuminsu a tsakiyar kaina yanzun nan, ina jin nauyinsu, amma in rufe ido in gan su — ba komai. Kullum fuskarki nake kallo. Ban taɓa sunkuyar da kai ba…