Takardar Sikanin ta Baba Mai Agogo

"Riƙe ki duba mini," in ji Baba Mai Agogo, ya miƙo takardar ta saman teburinsa. "Ke kin fi ni shiga asibiti. Kin taɓa jin an yi wa namiji sikanin?"

Na karɓa. Rubutun likita ne, irin wanda ko mai shi sai ya yi da gaske zai karanta, ni kuwa karatuna bai wuce lambar waya ba. Amma hatimin da ke ƙasa na gane shi, don irinsa ne a takardar hoton ciki ta surukata mai cikin wata shida.

Auta, 'yarsa, tana tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa da ƙwayoyi a tafin hannu.

"Baba, na faɗa maka a gefen kai za a ɗora maka. Jijiya za su duba."

"Ba da ke nake ba."

Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakanina da mutumin nan. Ni ina kitso a tsakar gidana, shi yana ƙofar gidansa da gilashi maƙale a ido ɗaya, da hantsaki, da gwangwanin ƙananan kusoshi da ba ya bari ko ƙuda ya sauka a kai. Ciwon da muka san shi da shi na babban yatsan ƙafa ne. In ya tashi, yatsan ya kumbura ya yi jawur, ko gefen zani ya shafe shi sai an ji salatinsa daga bakin titi. Har gaban takalminsa ya yanke saboda shi. Yana da hoton ƙashi da aka taɓa yi masa, yana ajiye a ambulan, kuma duk wanda ya yi kuskuren tambayar jiki sai ya ɗaga masa shi a rana ya nuna masa gaɓar. Baba ba ya yarda da abin da bai gani da idonsa ba.

A bana ne wani sabon abu ya zo. Gefen kansa ya riƙa sara, hula ma ta gagare shi. In yana tauna abinci muƙamuƙinsa ya gaji tun bai kai rabi ba. Auta ta kai shi asibiti, likita ya danna masa gefen goshi, ya yi doguwar magana da ita da turanci, ya ba da ƙwayoyi da wannan takarda. Baba kunnensa ya yi nauyi, yana can yana fama da takalmi, bai ji ko ɗaya ba.

To ga inda na shigo. Kwana takwas kafin ranar, na raka surukata sikanin. Layi cike da mata, kowacce ta turo ciki gaba. Sai ga Auta ta baro tagar ɗakin, tana ninke takarda tana cusawa a jaka. Ta rame, idonta ya faɗa, ta gaishe ni a tsaitsaye ta wuce. Shekara biyu ke nan da mijinta ya rasu ta dawo gidan uba. Me bazawara ke nema a layin masu ciki?

Mutum ɗaya na faɗa wa, matar direba, kanta na tsakanin gwiwoyina ina tsaga mata. Ban ma ce komai ba, cewa kawai na yi na gan ta. Bayan kwana uku maganar ta dawo mini da ƙafafunta, an sa mata watanni, an sa mata uba, wai mai kantin maganin kan kwana. Mazan da ke zama a bencin Baba suka ƙarasa aikin.

Shi ya sa da ya tambaye ni, na san abin da yake tambaya. Auta ma ta sani, ta zuba mini ido.

"Ni dai, Baba, ban taɓa ji ba," na ce.

Gaskiya na faɗa, kuma abin da ke ci mini rai ke nan har yau. Ban taɓa ji ba. Amma na san inda gaskiyar tawa za ta sauka, na kuma sake ta.

"Kin ji ko?" Ya juya wajen Auta. "An gan ki, shi ne kika ce don ni kika je. Da ni za ki rufe? Ki kai ni cikin mata ki zaunar, a ce ai tsohon ta kawo?"

"Wallahi Baba rana na je karɓar maka. Likita ya ce in ba a yi sauri ba idonka..."

"Ɗauke ƙwayoyin nan. Ban ma san ko na mene ne ba."

Mako biyu aka yi a haka. Ta katanga nake jin komai. Ta kai abinci ya ce ya ƙoshi, ta kai magani ya ce ta sha da kanta. Ni kuwa na zama 'yar sandan ciki. In ta sunkuya shara ina duban ƙugunta. In ta tofar da yawu na ce ga alama. In ta ƙi cin abinci na ce ai dama haka farkonsa yake. Yarinyar da na yi wa kitso tun tana kuka a cinyata, ita nake aunawa da ido safe da yamma, kuma duk abin da na nema sai na gan shi, don ina so in gan shi. In ta tabbata, ni ban yi laifi ba ke nan.

Ranar wata Talata da hantsi na ji muryarsa.

"Wa ya tsaya mini a haske? Matsa mana!"

Babu kowa a gabansa. Na fito da matsefi a hannu na tarar ya cire gilashin, yana murza idon hagu, yana rufe na dama yana buɗewa. Agogon da yake gyara na kwance a buɗe. Auta ta durƙusa tana kuka tana roƙonsa.

"Zan je," ya ce daga baya. "Amma da Mai Kitso. Ki zo ki zama shaida. Abin da kika gani shi za ki faɗa mini."

Haka muka je aka zaunar da shi a benci tsakanin mata biyu masu tsohon ciki, hularsa a cinya, ƙafar mai ciwo a miƙe. Wata 'yar yarinya ta ce, "Baba, wata nawa?" aka kwashe da dariya. Bai ɗaga kai ba. Ni na ji kamar ƙasa ta tsage.

Likitar hoton mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta kwantar da shi, ta matsa wani ruwa mai yauƙi a kan ɗan abin da ke hannunta, za ta kai gefen kansa. Ya tare hannun.

"Dakata. Ɗora a yatsana tukuna."

"Baba, ba shi aka rubuta ba."

"Na sani. In an kawo mini agogo aka ce sabo ne, da wanda na sani nake gwada shi. Yatsan nan na san abin da ke cikinsa. In na'urarki ta faɗa daidai, sai ki taɓa kaina."

Ta dube mu, ta yi ɗan murmushi, ta ja kujera zuwa ƙafarsa. Allon ya cika da baƙi da toka-toka.

"Akwai wani farin layi kwance a kan guringuntsin, kamar an barbaɗa gishiri. Shi ke tayar maka da ciwon. Ga kuma inda ya ci gefen ƙashin, ta ɓangaren ciki. Wannan ya fi shekara goma."

"Sha biyu," in ji Baba a hankali. Ya sauke hannunsa.

Ta koma gefen kai. Ta daɗe tana zagayawa cikin furfurarsa, sannan ta tsaya ta kira mu da yatsa. Wani ɗan jan ɗigo ne ke bugawa a tsakiyar allon, kewaye da baƙin zobe mai kauri.

"Jan nan jini ne. Baƙin da ya zagaye shi bangon jijiyar ne ya kumbura, ya matse hanya. Na danna, bai ɓace ba. Irin wannan kumburin ne ke kama jijiyar da ke kai wa ido jini." Ta duba takarda. "Me ya hana shi zuwa ranar da aka ba shi? 'Yarsa ta zo nan sau uku tana roƙon a ɗaga masa. Yana dai shan ƙwayoyin ko?"

Baba ya juyo da kansa wajena.

"Mai Kitso," in ji Baba, "me kika gani?"

"Na ga zobe, Baba. A kanka yake."

Can ya miƙa hannu gefe yana lalube, Auta ta saka nata a ciki. Bai sake ta ba har aka tura shi ɗakin kwanciya.

Sun sa masa ruwa da magani mai ƙarfi a ranar. Washegari idon dama ya bi na hagu. A kwana na uku hannu ɗaya ya mutu, harshe ya yi nauyi. Da na shiga da rana, ya gane ni da sallamata.

"Maganar nan ta Auta, daga bakin wa ta fito?" ya tambaya.

Na so in ce matar direba. Har na buɗe baki.

"Daga nawa, Baba."

Auta tana goge masa baki da tsumma, ba ta ko waiwayo ba.

"To ki mayar da ita," ya ce, kalma na fita da ƙyar. "Auta, ba ta hoton. Gida-gida. Su gani da idonsu."

Ɗan guntun hoto ne mai sheƙi na jijiyar kansa, wanda likitar ta ba Auta, bai kai tafin hannu ba, baƙi da fari, babu jan. Na ɗauka da murna, wallahi, don na zaci an ba ni hanyar wanke kaina. Na fara da matar direba. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta kai shi bakin ƙofa wajen haske.

"Lah! Ga shi nan kuwa, ɗan zagaye. Haka nawa ya fito ina wata biyu."

"Jijiya ce! Jijiyar kan Baba ce, ina tsaye aka ɗauka!"

"Haba Mai Kitso, ni za ki koya wa? Haihuwa biyar na yi."

Matar mai tireda ta iya karatu, na ruga wajenta, na nuna mata ƙananan baƙaƙen da ke sama. Ta karanta sunan Baba tiryan-tiryan, ta taɓe baki.

"Suna ai kowa na iya sa a buga masa. Allah dai Ya rufa asiri. Ke ma kina ƙoƙari, maƙwabtaka ta fi haka."

Gida bakwai na shiga. Na rantse, na yi kuka, a gida ɗaya har na zagi mai gidan. Wadda ba ta taɓa jin maganar ba ma, ranar ta ji daga bakina, da hoto. Na kuma san matan nan, tare muka tsufa. In watanni suka cika ba su ga komai ba, cewa za su yi an zubar.

La'asar ta yi na koma asibiti.

"Sun gani?" ya tambaya.

"Sun gani, Baba."

"Sun yarda?"

Auta ta kalli fuskata sau ɗaya, ta karanta duk gidajen bakwai a kai. Ta sunkuya dab da kunnensa mai ji.

"Sun yarda, Baba. Duk sun yarda. Har sun ce a gaishe ka."

"Madalla," ya ce. Ya saki numfashi, fuskarsa ta kwanta.

Da safe, bayan ta ba shi shayi cokali biyu, ya cika.

Aka cika gidan da mata masu ta'aziyya, har da duka bakwai ɗin. Suna addu'a, suna yabon halinsa, kuma duk sa'ad da Auta ta miƙe ta karɓi gaisuwa idanu sai su sauka ƙasa da fuskarta su tsaya. Na ga matar direba ta taɓa ta kusa da ita da gwiwar hannu.

Na tashi na ja tabarmata na shimfiɗa a gaban Auta, na zauna na ba ta baya, fuskata na kallonsu. Ba ta ce in matsa ba, ba ta ce sannu ba. Rana ta juya, inuwar bango ta bar wajenmu ta koma can gefe, mata suka riƙa jan tabarmi suna bin ta ɗaya bayan ɗaya. Mu biyu muka rage a cikin rana, ina jin numfashinta a bayan wuyana.