Totur a Hannun Dama

A baje kolin ƙananan jiragen sama masu tashi da rimut, 'yan kasuwa suna da wata ƙa'ida. Idan mai rumfa ya rasu, ranar rufewa ana tayar da jirginsa da rimut ɗinsa, sannan a sauke allon rumfar.

Bana ƙa'idar ta faɗo kan Auta, don yayansa ya rasu. Shekara da shekaru shi da yayansa suke rumfa ɗaya, Yaya na ƙera jirage, shi yana sayar da farfela da tayoyi. Jiragen duk sun tafi, saura ɗaya ja mai dogayen fukafukai, wanda matar marigayin ta kawo naɗe a bargo.

"Shi kaɗai ya rage mini," in ji ta. "Ka dawo mini da shi yadda na ba ka."

"In sha Allahu, Anti."

Da Auta ya kunna rimut ɗin ya gwada, sai ya ga matsala. Ya manta cewa Yaya a baibai ya koyi tuƙi. Totur ɗinsa yana sandar dama, ɗaga hanci da sauke shi suna ta hagu. Auta da kowa a zauren akasin haka suka saba.

Mai Batir, maƙwabcinsu na rumfa, ya leƙo da sukundireba. "Kawo in juya maka shi. Kafin ka sha ruwa na gama."

Auta ya dubi sandar dama. Babban yatsan Yaya ya cinye fentin wurin har ƙarfe ya fito.

"Bar shi haka."

"Kai Auta, taurin kai gado ne a gidanku? Hannu ba ya jin magana, abin da ya saba yake yi."

"Na ce bar shi."

Aka buɗe ragar filin gwaji. Masu rumfuna suka kashe injinansu, suka jeru a bakin raga. Auta ya tura totur, jirgin ya ruga ya ɗaga. Yana tuƙi yana faɗa wa kansa a hankali, dama wuta, hagu hanci. Jirgin ya zagaya ƙarƙashin fitilun rufi, ya wuce saman rumfarsu, ya juyo. 

A sauka ne hannu ya ci amanarsa. Da ƙasa ta matso, ya ja sandar dama don ɗaga hanci kamar kullum. Injin ya mutu. Jirgin ya dunguri ƙasa, fiffiken hagu ya ɓalle.

Auta ya tsaya riƙe da rimut, ya kasa ɗaga ido. Matar ce ta shiga filin ta ɗauko fiffiken. Ta juya shi, ta daɗe tana duban gindinsa, sannan ta miƙa masa. Wurin karayar duk tabon tsohon gam ne, wani kan wani.

"Shi ma nan yake karya shi," ta ce. "Ya dawo gida ya cika mini ɗaki da warin gam, yana cewa iska ce."

"Anti, ki yafe mini."

"Gam ɗin yana gida. Ka zo ka ɗora shi da kanka."

Mai Batir ya hau kujera ya fara kwance allon. Auta ya riƙe masa ƙafar kujerar.