Barguna Uku a Kan Baba

Wallahi har yau in na tuna bargunan nan sai zuciyata ta tafasa.

Kwana biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da Baba a shagonsa na gyaran agogo. Hannun dama ya tafi, ƙafa ta tafi, amma magana tana nan, ko da yake a karkace take fita. Likita ta ja ni bakin ƙofar ɗakin jinya ta ce, "Inda ya mutu a ƙwaƙwalwa ya riga ya mutu. Kewayensa muke ƙoƙarin cetowa, kuma nan maganarsa take. Wurin ya kumbura, yana cin kansa kamar tsatsa a jikin ƙarfe. Zazzaɓi kuwa ƙara masa wuta yake. Da kin ji jikinsa ya ɗau zafi, ki kira mu."

Sau uku na maimaita wa Gwaggo, yayar Baba. Ta taɓe baki ta ce, "Mun ji, sabuwar likita."

Na tafi karɓo sakamakon gwajin jini, layi ya riƙe ni awa huɗu. Ina dawowa na tarar an kashe fanka, an rufe taga, an lulluɓe Baba da barguna uku, ga gorar ruwan zafi a hammatarsa. Ashe har nas ta zo auna shi, Gwaggo ta ce barci yake, kar a tashe shi. Na taɓa goshinsa. Wuta!

Na fizge bargunan na yi jifa da su, ina ƙwala wa nas kira.

"Gwaggo, me na ce miki? Kashe shi za ki yi?"

"Ke, kar ki kawo min raini! Rawar sanyi yake, sai in zuba masa ido? Ni na goye shi tun uwarki ba ta zo duniya ba."

"To ga shi kin dafa shi!"

Baba ya buɗe ido. Tunda nake, ban taɓa ɗaga wa yayarsa murya ya ƙyale ni ba. Na ga ya haɗe gira, ya ɗaga yatsan hagu. Sai na ƙara ɗaga muryar da gangan, ina zazzaga wa tsohuwa rashin kunya, idona na kansa, ina jira ya daka min tsawa.

Leɓensa ya yi ta motsi. Yawu ne kawai ya gangaro kan matashi.