Yaɓen Kogo a Garejin Glenwood

Sau uku jikata Nanven tana yaɓe allon zanenta da laka, sau uku yana tsagewa. Aikinta ne na kammala digiri: ta kwaikwayi wani zane daga kogunan Dunhuang na ƙasar Sin, inda fataken siliki na zamanin da kan sa a zana musu Buddha a bango don su dawo gida lafiya. Saura kwana goma sha biyar ta kai shi gaban malamanta. In ya sake tsagewa, sai baɗi.

Na same ta a garejin gidanmu na Glenwood zaune kan bokiti, ido ya yi ja.

"Me kika zuba?"

"Jar ƙasa, yashi, ciyawa. Duk abin da littafin ya ce, Kaka."

"Yaushe kika kwaɓa?"

"Da safe. Na yaɓa da rana."

Na yi dariya har da dafa ƙofa. Shekara talatin na koyar da kimiyya a Pankshin, na san masu rubuta irin littattafan nan. Sun iya jera kayan haɗi, amma ƙafarsu ba ta taɓa laka ba.

"A garinmu ba a yaɓe da ɗanyen kwaɓi. A tattaka, a rufe, ciyawa ta ruɓe mako guda."

"Mako guda? Ina na ga mako guda!"

"Kina da shi. Cire takalmin nan na 'yan gayu."

Muka tattaka tare, ni da gwiwata mai ciwo. Kwana na huɗu wari ya kai titi. Jimmai, ƙawata ta coci, ta leƙo toshe da hanci.

"Malama, da tsufanki gunki kike ginawa?"

"Bango nake yi, Jimmai. Wanda ya yaɓe wancan kogon, ko me yake bauta wa, magini ne. Aikinsa ya haura shekara dubu. Silin ɗakinki fa, tun bara yake yoyo."

Rana ta bakwai Nanven ta yaɓa, siriri, hawa biyu. Na hana ta kunna fanka, na ce ya bushe a inuwa da kansa. Safiya ta uku ta jawo allon bakin ƙofa, ta bi shi da tafin hannu daga sama har ƙasa. Babu tsaga ko ta silin gashi.

Ta ajiye allon. Sannan ta ɗauko takardar bayanin da za a liƙa a gefen zanen.

"Kaka, wa ya koya miki?"

"Uwata. Ba ta taɓa riƙe fensir ba."

"Faɗa min sunanta a hankali, in rubuta daidai."