Gurbin da Genta Ya Bar wa Jita

Noboru Kajiwara ya yi shekaru yana kaɗa jita a bayan mawaƙan Tokyo, amma rabin aikin nan ba wanda ya taɓa jin sautinsa. Ba mugunta ake masa ba, haka sana'ar take. In za a fito a talabijin, sai a saki kiɗan da aka riga aka naɗa, yarinyar da ake yayi ta tsaya gaba tana rerawa, shi kuwa yana baya cikin baƙaƙen kaya, ya murɗe sautin jitarsa har ƙasa, yana yatsina fuska yana kaɗa gashi kamar kiɗan ya hau masa kai. Ya ƙware a wannan har ana roƙon a turo shi. Waƙoƙin da ya rubuta da kansa kuwa, duk wadda ya miƙa wa kamfani sai a rusuna a ce an gode ƙwarai, daga nan ba ya sake jin ɗuriyarta.

A garinsu Amagasaki ba wanda ya san haka. Can shi ne ɗan unguwar da ya fita ya yi suna, hotonsa ma yana manne a madubin shagon askin Genta.

Genta abokinsa ne tun suna sakandare. Tare suka kafa ƙungiyar kiɗan rok, tare maƙwabta suka sha korar su. Da Noboru ya tafi Tokyo, Genta ya gaji shagon askin ubansa, ya yi tumbi, gashin kansa ya zube, amma bai daina rubuta waƙa ba, har ya haɗa 'yar ƙungiyar makaɗa a unguwa. Yana aski yana rera wa mutane, kuma wa zai ce waƙa ba daɗi alhali reza tana kan maƙogwaronsa? Duk wadda ya gama sai ya naɗa ya turo wa Noboru a waya. Noboru kan amsa masa da "ba laifi, ka ci gaba," irin amsar manya.

Wata rana suna dawowa daga wasa a motar kamfani, Noboru ya kunna sabuwar waƙar Genta don ya ba 'yan ƙungiya dariya. "Ku ji mai askin garinmu," in ji shi. Waƙar kan wani tsoho ce da ya zo aski, washegari ya mutu, mai aski ya kasa share gashinsa daga ƙasa. Muryar Genta a shaƙe, ana ma jin ƙarar fanka a bayansa. Ba wanda ya yi dariya.

Tsuruoka, matar da ke zaɓar wa tauraruwarsu waƙoƙi, tana gaba kusa da direba. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Kajiwara-san, maimaita mana."

Ya maimaita. Ta tambayi sunan mai waƙar, ta tambayi inda yake wasa, ta ce tana da aiki a Osaka, kusa da garin nasu, ranar Lahadin da Genta zai yi wasa, za ta leƙa ta ji yadda waƙar take a gaban mutane.

Kai, abin da ya tokare ƙirjin Noboru a motar nan ba shi da wani suna sai hassada. Matar nan ta karɓi waƙoƙinsa da hannu biyu ba sau ɗaya ba, ba ta taɓa cewa a maimaita ko ɗaya ba. Shi da ya bar gida, ya kwana da yunwa, ya koyi kiɗa har yatsunsa suka yi kanta! Yau ga mai aski, wanda igiyar jitarsa ma ba ya iya ɗaurewa daidai. In waƙar nan ta shiga, sunan Genta ne zai fito a ƙasan hoton talabijin, shi kuma yana baya yana kaɗa masa gashi.

Da ya kira Genta ya gaya masa, don ba yadda zai ɓoye, sai da ya janye wayar daga kunnensa saboda ihu.

"Nobu! Kai ɗan banza, ashe kana tallata ni a ɓoye! To ji nan, dole ka hau dandamali da mu. Ka san wurin nan na tsakiyar waƙar da ganga kaɗai ke tafiya? Kai na bar wa. Mai jitarmu ba ya taɓa shi, na hana shi."

"Ni ba na wasa da masu tumbi."

"Zo dai, zan yi maka aski kyauta, wannan gashin naka kamar tsintsiya."

Noboru ya yi dariya, ya ce zai zo. Yana ajiye wayar ya san abin da zai yi. Waƙar gaba ɗayanta ta jingina ne da wannan gurbi. In aka iso wurin jita ba ta yi magana ba, sai waƙar ta faɗa rami, Genta ya rikice, Tsuruoka ta duba agogo. Shi kuma ya ɗaga kafaɗa ya ce kayan gidan ne. Saboda haka ko zama bai yi ya tsara abin da zai kaɗa ba.

Wasan na rana ne, don da rana ake ba irin su Genta wuri, a wani ɗaki na ƙarƙashin shagon taliya inda warin romo ke saukowa ta matakala. Noboru ya iso a makare da gangan, ya ce ba sai an gwada da shi ba. Ɗakin ya cika da kawunan da Genta ya aske: mai sayar da kifi, direbobin bas biyu, ga kuma tsofaffin mata masu rako jikokinsu aski. Suna ganin Noboru suka hau tafi, wata tsohuwa ta kama hannunsa tana cewa ta san shi tun yana yawo da majina. Tsuruoka na can jikin bango da jakarta a hannu.

Aka yi waƙoƙi uku na hayaniya, sannan Genta ya goge sanƙonsa da tawul ya ce, "Yanzu ga ɗan'uwana daga Tokyo." Noboru ya hau, ya rusuna, ya soka wayar jita. Da ɗan yatsansa ƙarami ya murɗe sautin har ƙasa, ba wanda ya lura.

Genta ya rera baiti na farko, ya rera na biyu. Ɗakin ya yi tsit. Haushi ya ƙara kama Noboru, don a nan kusa waƙar ta fi daɗi. Aka iso gurbin. Genta ya ja da baya ya nuna shi da hannu, Noboru ya tako gaba, ya lanƙwasa baya, ya runtse ido, yatsunsa suka hau gudu a kan igiyoyi. Ba abin da ya fito sai bugun ganga.

Genta ya waigo, fuskarsa ta yi fari. Noboru ya ji wani sanyi mai daɗi a ransa.

Sai mai kifi ya fara gunjin wani karin waƙa a hancinsa. Direbobin suka kama, tsofaffin matan suka ɗora. Ashe a shago, duk lokacin da Genta ya iso wurin nan, da baki yake cike shi yana wasa reza, har duk unguwar ta haddace. Ɗaki guda yana gunjin karin nan a hankali, ba kalma ko ɗaya, wata mata tana share ido da bayan hannu. Noboru ya tsaya a gabansu baya a lanƙwashe, ya rasa yadda zai miƙe.

Da aka tashi, Tsuruoka ta je ta rusuna wa Genta ta miƙa masa katinta da hannu biyu. Ta ce suna son waƙar, kuma tsakiyar a bar ta yadda ta ji ta yau, muryoyi kawai. Da za ta hau matakala ta dubi Noboru, ta dubi jitarsa, ta ce, "Sannu da aiki, Kajiwara-san." Shi kuwa ya gwammace da zagin sa ta yi.

Mutane suka haura shagon taliya don a yi murna. Noboru yana naɗe waya cikin sauri sai ga Genta ya dawo, ya tsaya a gabansa, ya rusuna har sanƙonsa na kallon rufi.

"Ka yafe ni, Nobu. Na taso ka tun daga Tokyo na haɗa ka da ruɓaɓɓun kaya. Na ga yatsunka, na ga yadda ka ba da ranka, ba wanda ya ji. Kunya kamar in nutse."

"Bar shi, Gen. Ya wuce."

"Bai wuce ba. Ita ta ce ba ta son jita, ruwanta. Ni ina so." Ya jawo lasifikar mai jitarsu, ya soka wayar da kansa, ya taɓa igiya ɗaya, ba sauti. Ya laluba jikin jitar ya murɗa makunnin sauti, sai ɗakin ya ɗauki ƙara. "Ka ga, har wannan ya sauka, garin gudun hannunka ne. To, yanzu ta yi."

Ya jawo kujera ya zauna a tsakiyar ɗakin shi kaɗai, ya ɗora hannuwa a kan tumbi, yana murmushi.

"Tun muna yara nake son in ji ka a cikin waƙata. Kaɗa min abin da ka tsara."

Noboru ya ɗora yatsunsa a kan igiyoyi. Lasifikar tana huci a hankali. Daga sama ana jiyo mai kifi yana kiran sunansu su zo taliya za ta huce.

"Kada ka yi sauri," in ji Genta. "Ina jira."